Fim ɗin na nan, hanyar sa ce ta ɓata

Daga allon silima zuwa kwalin kaset, daga kwali zuwa kwamfutar mai turi: yadda fuskar kasuwar finafinai ta sauya a Fagge da Sabon Gari, da gyaran da ta ke buƙata kafin tsofaffin finafinai su salwanta

TUN daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta saki 'Turmin Danya', an yi dubban finafinan Hausa. Wasu sun yi kasuwa har masu su sun gina gidaje, wasu kuma sun karya jarin furodusa tun a makon farko. To amma a yau, idan matashi ya ji yayyen sa su na hirar 'Sangaya' ko 'Wasila' ko 'Ki Yarda Da Ni', ya ce bari shi ma ya nemo ya kashe ƙwarƙwatar idon sa, ina zai dosa?

Kowa zai ce masa ya je wajen masu turi. A Fagge da Sabon Gari, kamar sauran unguwannin Kano, ba a doguwar tafiya ba a ga shago ko teburi da kwamfuta da tarin kebul ba, samari sun kewaye mai shagon, kowa da waya a hannu. Rumbun kwamfuta guda ɗaya na iya ɗaukar finafinan da a da sai an cika kanti da kaset kafin a tara su. Sai dai tara kaya daban, sanin inda aka ajiye su daban. Sau da yawa fim ɗin da ake nema ya na kwance a cikin rumbun, amma mai shagon kan sa bai san ya na da shi ba, domin da wani suna aka turo masa, ya faɗa cikin wata folda da ya daɗe da mantawa da ita. Ɗan kallo ya tafi hannu rabbana, mai shago ya yi asarar ciniki, shi kuwa fim ɗin ya ƙara kusantar ranar da za a goge shi don a samar wa sabo wuri.

Matsalar ke nan: fuskar da kasuwa ke nuna wa ɗan kallo, da hanyar da zai bi ya kai ga abin da ya ke so. Kuma babu inda ya fi dacewa a duba ta kamar waɗannan unguwanni biyu, domin a nan aka fara kafa wannan fuska a Kano.

Allon ƙofar silima

A zamanin Turawa ba a cikin ganuwa aka fara gina silima ba. A Sabon Gari aka buɗe Rex a 1937, daga baya wasu su ka biyo, irin su El Dorado da Queens, sai Plaza da Wapa a ɓangaren Fagge. Yaran yanzu sun san Wapa ne a matsayin wajen canjin kuɗi, amma iyayen su sun san ta da layin sayen tikiti.

Kowace silima ta na da allo a ƙofa. A kan sa ake manna fostar fim ɗin da za a nuna a daren, a gefe kuma a sa na wanda ke tafe. Iyakar tsarin ke nan, amma ya wadatar. Mutum ko bai iya karatu ba, da ya ɗaga kai ya ga fuskar jarumi da irin makamin da ke hannun sa, ya san ko na Indiya ne, ko Canis, ko na kaboyi, ya kuma san ko kuɗin sa za su fita.

Wani abu da ya kamata masu shirya kaya a yau su lura da shi ya samo asali tun a lokacin. 'Yan kallon Kano ba su cika damuwa da sunan da aka rubuta a jikin fosta ba, su ne ke raɗa nasu. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wanda ya zo ƙofar silima ya na tambaya, da wannan suna zai yi, kuma da shi za a ba shi amsa.

Lokacin da kwali ke sarauta

Da bidiyo ya shigo gidaje, sai fuskar ta tashi daga ƙofar silima ta koma shagunan kaset. Cibiyoyin biyu ne: kasuwar Ƙofar Wambai, da kuma Bata, daf da kasuwar Sabon Gari. Daga nan 'yan sari ke lodin kaya zuwa Katsina, Sakkwato, Zariya, har Maraɗi da Damagaram.

A wancan zamani kwali shi ne komai. Furodusa ya gama fim, sai ya buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwa tare da kaset ɗin asali. Su ne za su yi ta kwafa a kan kaset ɗin da babu komai a ciki, su zura shi cikin kwali su sayar. Kuɗin furodusa a jikin kwalin su ke, ba a jikin kaset ba. Yawan kwalin da aka saya shi ne ma'aunin ko fim ya karɓu. Shi ya sa ake kashe kuɗi da lokaci wajen tsara shi.

Ba tare da an yi niyya ba, kwalin nan ya zama katin shaidar fim. A gaba ga suna da manyan haruffa, ga fuskokin 'yan wasa, ga tambarin kamfani, ga lambar kashi: na 1 ko na 2. A baya ga sunan darakta da furodusa, wani lokaci har da marubuci da mawaƙa. Wanda ya ɗauki kwalin 'Sangaya' na 1999 ya san na Sarauniya ne, ya ga Ali Nuhu da Fati Mohammed. Wanda ya ɗauki 'Wasila' na 2000 ya san daga hannun Yakubu Lere ya fito. A gidajen haya kuwa, kowane kaset da lambar sa a ƙugu, mai shago na da babban littafi da ya ke rubuta sunan fim da lambar da wanda ya ara.

Akwai wasu hanyoyin da ke jan ɗan kallo daga wannan fim zuwa wancan. Kafin fim ya fara, sai an sha tirelolin masu fitowa. Waƙoƙi na riga fim shiga gari a kaset ɗin rediyo. Mujallu irin su Tauraruwa da aka fara a 1998, da Fim da ta fito a Maris 1999, su na kawo labarin wanda ake ɗauka da wanda ya kusa fita.

Kada a ce zamanin kwali ba shi da aibu. An sha manna ƙatuwar fuskar jarumi a gaban kwali alhali fitowa biyu ko uku ya yi a fim ɗin, a bar waɗanda su ka ɗauki nauyin labarin a lungu. Sabon fim ne ke cin gaban kanta, na bara a tura shi ƙasa ƙura ta rufe. Duk da haka, fim ɗin da aka tura ƙasan ya na nan da sunan sa da bayanan sa a jiki. Ko bayan shekara biyar aka kakkaɓe shi, zai faɗi ko shi wane ne.

Daga kanta zuwa folda

Faifan CD ya kori kaset a shekarun 2000, satar fasaha ta yi ƙamari, aka shiga haɗa finafinai da yawa a faifai ɗaya. Da wayoyi masu memori su ka wadata, sai faifan ma ya bi sahun kaset. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango irin 'Daɗin Kowa'. A 2020 'Labarina' da 'Izzar So' su ka fito, YouTube ya zama babbar kasuwa. Wanda ba shi da kuɗin data, ko ba ya son ɓata ta, sai ya nufi mai turi.

A wannan ƙaura an bar kwali a baya, kuma duk abin da ke rubuce a jikin sa ya tafi tare da shi. Abin da ya rage wa fim shi ne ɗan layin sunan da ke ƙarƙashin fayil. Wannan layi kuwa kowa rubuta shi ya ke yi yadda ya ga dama. Wani ya sa sunan fim, wani sunan jarumi, wani ya bar shi da jerin lambobin da na'ura ta ba shi. Wanda aka sauko da shi daga intanet ya kan zo da doguwar jela ta talla, a ce sabo ne fil na bana, alhali fim ɗin ya shekara goma sha. Wani lokaci an yanke sunayen ma'aikata na farko da na ƙarshe don a rage nauyi, ka ga an raba fim da darakta da marubucin sa ke nan.

Fuskar shagon ma ta koma ta sabo zalla. Banar da ke ƙofa ta finafinan da ake yayi ce. A kwamfuta, foldar da ke sama ita ce ta abin da ya fito a makon. Shiri mai dogon zango kuwa ba ya ƙoshi da wuri: kowane mako da sabon kashi, zango na bin zango, ga fassarar Indiya, ga waƙoƙi, ga barkwanci. Ran da rumbu ya cika, mai shago ba zai goge abin da ake layi a kan sa ba. Tsohon da ba a tambaya ba wata shida shi zai tafi. Ba a tambaye shi ba kuwa saboda babu abin da ya nuna wa kowa cewa akwai shi.

Yadda ɗan kallo ke tambaya

Duk wanda zai gyara tsari, sai ya fara sauraren yadda ake tambaya a bakin teburi. Kaɗan ne ke zuwa da cikakken suna. Wani da waƙa zai zo, ya rera amshin ya ce fim ɗin da aka yi ta a ciki ya ke so. Wata za ta ce wanda kishiya ta haukace a ƙarshe. Wani zai ce na marigayi Ahmed S. Nuhu, wanda ya fito a ɗan sarki. Mai shagon da ya daɗe a harkar zai gane, amma yaron da aka bar wa shago bayan la'asar sai ya yi ta zare ido.

Sunayen 'yan wasa ma wani rikicin ne. Da yawan su sunan fim ya bi su har ya danne na yanka: Rukayya Dawayya, Sadiya Gyale, Hauwa Waraka. Fati Baffa Fagge, idan ba a ce Bararoji ba, wasu ba za su gane ta ba. Idan folda na ɗauke da suna ɗaya, mai tambaya ya zo da ɗayan, an saɓa ke nan.

Jera finafinai bisa abacada kaɗai ba zai fid da kowa ba. Ɗauki marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014. 'Ibro Awilo', 'Ibro Usama', 'Ibro Aloko' da sauran 'yan'uwan su duk a ƙarƙashin harafi ɗaya za su cunkushe, ba a san na farko ba, ba a san na ƙarshe ba. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa: wani ya rubuta da ƙ ko ɗ, wani da k ko d, wani ya sa ɗigo ko waƙafi a gaba, kwamfuta kuwa ta ɗauke su a matsayin abubuwa daban-daban. Finafinan Indiya da su Algaita ke fassarawa sun zo da nasu: fim ɗaya, suna biyu, na asali da na Hausa. Sannan an sha maimaita suna ɗaya a finafinai biyu da shekaru ke tsakanin su.

Gyaran da ake buƙata

Gyaran ba na kuɗi ba ne sosai, na haƙuri ne. Farko dai a rage cunkoso a fuska. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to fuskar kwamfutar da ke da folda sittin ba ta yi wa kowa maraba ba. Ƙofofi huɗu sun isa: sababbi, masu dogon zango, fassara, sai tsofaffi. Ƙofar tsofaffin nan dole ta kasance a gaba, inda ido zai gan ta, ba a cikin cikin wata folda ba. A cikin ta a raba bisa shekaru: 1990 zuwa 1999, 2000 zuwa 2004, haka har zuwa ƙarshen zamanin faifai.

Na biyu, a yi wa suna doka ɗaya, kowa a shagon ya bi ta: sunan fim, shekara, kamfani, lambar kashi. Misali, Sangaya 1999 Sarauniya 1. A kashin dogon zango a riƙa sa sifiri a gaban lambobin farko, 01, 02, 03, domin wasu wayoyin kan jera kashi na 10 kafin na 2, mai kallo ya je gida ya tarar da ƙarshen labari kafin tsakiyar sa. A kan haruffa masu lanƙwasa kuma a tsaya a kan salo ɗaya.

Na uku, fim ya zauna a wuri ɗaya, amma hanyoyin zuwa gare shi su yi yawa. Kuskuren da ake yi shi ne a kwafi fim guda a foldar Ali Nuhu, a sake kwafar sa a ta jarumar, a sake a ta soyayya, a cinye wuri a banza. Abin da ake buƙata shi ne kundi, irin littafin nan na masu gidan haya, ko a takarda ko a kwamfuta. Kowane fim da layin sa: suna, shekara, kamfani, darakta, manyan 'yan wasa da laƙabin su, fitacciyar waƙar ciki da wanda ya rera ta, sai labarin a jimla ɗaya. Wanda ya zo da waƙa a baki, a duba layin waƙa. Wanda ya ce Dawayya, a same ta, wanda ya kira sunan ta na yanka ma a same ta.

Na huɗu, a ba tsoho kujera a ƙofa. A gefen banar sababbi a manna fostar tsohon fim guda, a riƙa canza ta duk mako. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san akwai ta a gidan.

Sai dai a yi hattara da gyaran dare ɗaya. Kwastoman da ya saba ya zo ya nuna folda da yatsa, idan ya wayi gari ya ga an birkita komai, shagon gaba zai tafi. Haka yaron shago da hannun sa ya riga ya haddace hanya. Gara a fara da sababbin da ke shigowa, a bi tsofaffin sannu a hankali, a bar tsohuwar hanya a buɗe har sai an saba da sabuwa.

Masu turi na da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Wanda ke fama da kuɗin man janareta da haya, ga mutum goma a tsaye kowa na sauri, yaushe zai zauna rubuta sunan darakta? Sabo ke kawo kuɗin cefane. Gaskiya ne. To amma sabon kashi kowane teburi na da shi, har wanda ke da data ma zai sauko da abin sa a gida. Abin da zai bambanta shago da na maƙwabci shi ne a san cewa idan an rasa fim a ko'ina, a can za a same shi, kuma cikin minti biyu.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda aka daɗe ana sa-in-sa a kan sa tsakanin furodusoshi da masu turi. Rubuta sunan fim a kundi ba ya ba kowa lasisin sayar da shi. Amma kundin na iya zama silar sulhu, domin da zarar an san fim na wane kamfani ne, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a nemi izini, shi ma mai fim ya san inda kayan sa su ke.

Aikin gayya ne

Babu mai shago ɗaya da ya san dukkan finafinan nan. Ilimin a warwatse ya ke: wani a kan tsofaffin 'yan kasuwar Bata, wani a wajen matan aure da su ka haddace finafinan 2000 kamar karatun allo, wani a tsofaffin mujallu da kwalayen da ke jibge a ƙarƙashin gado. Ƙungiyoyin masoya 'yan wasa, waɗanda ƙarfin su ke ƙarewa a gardamar wane ya fi wane, za su iya ɗaukar wannan aiki. Kowace ƙungiya ta tattara jerin finafinan gwanin ta da shekarun su, a haɗa, wanda ya ga kuskure ya gyara, amma da shaida: kwali, fosta, ko sunayen da ke jikin fim ɗin. Duk wanda ke da tsohon kwali a gida, ya ɗauki hoton gaba da bayan sa kafin gara ta riga shi.

Hukumomi ma da nasu rabon. Tun 2001 da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, doka ta ce fim ya bi ta teburin ta kafin ya shiga kasuwa, don haka sunaye da kamfanoni da shekaru sun ratsa takardun ta. Abba El-Mustapha da aka ba shugabancin ta a 2023 ɗan fim ne. Ali Nuhu da aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairu 2024 shi ma ɗan gida ne, kuma taskar adana finafinai ta ƙasa da ke Jos a ƙarƙashin wannan hukuma ta ke. Malaman jami'a sun riga sun share fage tun taron da aka yi a Kano a 2003 kan finafinan Hausa, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na cikin jagororin sa. Idan aka fito da jerin sunayen da ke hannun waɗannan ɓangarori, 'yan kallo sun samu tubalin farawa.

Labarin 'Shaihu Umar' ya isa ishara. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. An shafe shekaru ana ɗaukar cewa ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a taskar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Duk tsawon lokacin nan fim ɗin na ajiye, mutane ne ba su san hanyar sa ba. Shi ya yi sa'a, a kan zaren silima aka ɗauke shi, kuma hukuma ce ta ajiye. Finafinan bidiyo na 1990 zuwa 2005 kuwa a kan kaset su ke, wanda zafi da ƙura da damina ke ci a hankali, da yawan kamfanonin da su ka yi su sun rufe, wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Ga wasu daga cikin waɗannan finafinai, kwafin da ke cikin kwamfutar wani mai turi a Fagge ko Sabon Gari na iya zama shi ne na ƙarshe da ya rage mai kyau. Kafin a danna gogewa, a buɗe shi a ga ko wane ne, a rubuta masa sunan sa daidai.